Duwan

A bironmu na Yantala, hawa na biyu,
inda fanka ke tari duk sanda wuta ta yi fushi,
shekara huɗu ni ce ƙofa.
Wanda duk ya rubuta layi, ta hannuna zai bi.
Laminu ya turo reshensa da la'asar,
Habsu ta turo nata bayan lisha,
ni ko ina zaune da shayin da ya huce
ina tsintar kuskure ɗaya ɗaya
kamar mai fid da tsakuwa daga shinkafa.

Rassa suka yi ta taruwa a bakin ƙofata.
Wani reshen ya kwana tara yana jira,
kafin in waiwaye shi, uwar itacen ta yi gaba,
ya dawo bai gane gida ba.

Sai Ilya, ƙaraminmu, ya ce mu ɗauki mai gadi.
Ya gina shi cikin kwana uku da kilishin jikka biyu.
Muka raɗa masa suna Duwan,
don ba kayan da ke wucewa bai kwance su ba.

Duwan ba ya barci, ba ya zuwa suna.
Ka turo, ya auna, ya gwada, ya ƙirga.
In kore ne, ya haɗe reshe da uwa, ba shawara.
In ja ne, koma.
Ba ya karɓar kuɗin shayi,
bai san "don girman Allah, yau kaɗai" ba.

Ran Laraba ya mayar mini da nawa.
Ni!
Ya ce layi na saba'in da shida, na buɗe ban rufe ba.
Na duba. Gaskiyarsa.
Habsu ta sa baki cikin mayafi, kafaɗunta na rawa.

Na fara isa gida rana ba ta faɗa kogi ba.
Na ga jemagu na tashi daga itatuwan Plato,
ɗiyata ta tambaye ni ko an kore ni ne.

Amma da, daga rubutu nake gane wanda bai ci ba.
In Laminu ya soma ba abubuwa suna da harafi guda,
na san haya ta matso shi,
sai in ja kujera kusa, mu yi maganar da ba ta aiki ba.
Duwan zai ce masa ja ne kawai.

Manhajarmu ta adashen matan kasuwa ce,
tana tuna musu ranar zubi.
Daren wata Asabar komai ya fito kore,
gwaji ɗari biyu da sha ɗaya, ba wanda ya yi gardama.
Duwan ya haɗe, ya sallama.
Saƙo ya tafi wayoyi dubu
ƙarfe uku na dare.

Da safe Inna Tsahara, mai zogale a Wadata,
ta hau benenmu tana riƙe da gwiwa.
Ta ce: "Ɗana na can hanyar Agadas da mota.
Waya ba ta kuka a wannan sa'a sai da mutuwa.
Na yi salati kafin in duba,
ashe jikka biyar ake tuna mini."

Ba wanda ya ɗaga kai.
Lissafin daidai yake, kwanan wata daidai.
Ba wanda ya taɓa gaya wa Duwan
yadda dare yake a zuciyar uwa.

Na zauna na rubuta gwaji na ɗari biyu da sha biyu:
daga lisha zuwa fitowar rana, kada saƙo ya fita.
Na sa masa sunanta.
Na tura, na jira kamar kowa.

Kore.

Yanzu shi ke tsince tsakuwa,
ni ina ɗanɗana gishiri.
Ranar Alhamis kuma mukan rufe inji awa guda,
mu karanta aikin juna da baki,
shayin da zafinsa.